Ƙudurin Janairu da Ke Mutuwa Kafin Azumi: Nazarin Lamarin Magidanci Mai Kilo 96

Magidancin da za mu yi nazari a kansa misali ne da aka gina daga siffar da ta yi yawa a tsakanin ma'aikatan ofis a birane irin su Kano da Kaduna, shi ya sa ba shi da suna. Shekarunsa 44, tsayinsa santimita 172, nauyinsa kilo 96. Idan aka zagaya tef daidai cibiyarsa, santimita 108 ne. Da mota yake zuwa aiki, a kan kujera yake yini, bayan Isha'i kuma yana majalisa. Awon jininsa 138 bisa 88, sukarin jininsa da safe kafin ya ci komai 6.3.

Idan aka raba nauyinsa da tsayinsa sau tsayinsa a mita, ma'aunin BMI zai ba da 32.4, kuma daga 30 ne ake kiran abin ƙiba ta rashin lafiya. Ƙugun ya fi tayar da hankali. Namiji da ya wuce santimita 102 yana cikin babban haɗarin ciwon suga da ciwon zuciya, ga mace kuma iyakar 88 ce. Sukarin 6.3 bai kai ciwon suga ba, don wannan daga 7.0 yake farawa, amma yana bakin ƙofa. Dalilinsa na son ragewa ke nan, kuma dalili ne mai ƙarfi, ba maganar kwalliya ko matsewar kaftani ba.

Shekara uku a jere yana ɗaura niyya ranar 1 ga Janairu, kuma kusan kalmomin ba sa canzawa: zai zubar da kilo 20 kafin azumi, ya daina tuwo da shinkafa da burodi, ya daina cin dare, ya riƙa gudu kullum bayan Asuba, ya sha ruwan ɗumi da lemon tsami, ya haɗa da shayin rage tumbi. Shekara uku a jere abin yana watsewa kafin tsakiyar Fabrairu, Disamba ta same shi da kilo ɗaya ko biyu fiye da inda ya fara.

Ba shi kaɗai ba ne. A ƙarshen shekarun 1980 John Norcross na Jami'ar Scranton da ke Amurka ya bi mutum 200 da suka yi ƙudurin sabuwar shekara har tsawon shekara biyu. Bayan mako guda kashi 77 cikin 100 suna riƙe da alƙawarinsu, bayan wata guda kashi 55, bayan wata shida kashi 40, bayan shekara biyu kashi 19. Sai dai a wani binciken da ya fitar a 2002, kashi 46 na waɗanda suka ɗaura niyya sun ci nasara bayan wata shida, yayin da masu irin burin da ba su ɗaura niyya ba kashi 4 kacal suka kai. Saboda haka kuskure ne a ce masa ya bar yin ƙuduri. Yadda yake tsara ƙudurin ne ke buƙatar gyara.

Inda tsohon tsarin ke karyewa

A fara da lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa kuma jiki ke ƙonawa. Kilo 20 ke nan kalori 154,000. A 2025 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 1 ga Maris, wato kwana 59 daga farkon shekara. Raba wancan adadi da 59, sai ka ga yana buƙatar giɓin kalori 2,600 a kowace rana. Jikin mutum mai shekarunsa da nauyinsa da irin zamansa yana ƙona wajen 2,700 a rana. Ko ya rufe bakinsa gaba ɗaya wata biyu, da ƙyar zai kai. Tun ranar da ya rubuta burin aka kayar da shi.

Abin da ke yaudararsa shi ne makon farko. Da ya yanke tuwo da shinkafa, sikeli ya sauka da kilo biyu zuwa uku cikin kwana bakwai. Mafi yawan wannan ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari kusan rabin kilo a hanta da tsoka, kuma kowane giram na ajiyar yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Da ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Shayin rage tumbi ya ƙara nasa, domin da yawa daga cikin irin waɗannan shayin ganyen filasko ne a ciki, aikinsa sa gudawa. A mako na uku sikeli ya tsaya cak, shi kuma ya ɗauka jikinsa ne ya ƙi. Ranar da ya ci shinkafa a wani ɗaurin aure, washegari ya ga kilo ɗaya da rabi sun dawo, ya ce ai ba amfani. Ruwan ne ya koma wurinsa.

Game da shayin akwai abin da ya fi gudawa muni. An sha gano sinadarin sibutiramin a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake tallatawa da sunan na ganye ne zalla. Wannan magani ne da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai awon jini 138 bisa 88 ba shi da abin yi da duk wani ƙulli ko kwalba da bai san abin da ke ciki ba. Ruwan ɗumi da lemon tsami kuwa ba ya cutarwa, ba ya kuma narkar da kitse.

Sai yunwa. Mutane suna ɗaukar ta a matsayin raunin zuciya, alhali jiki ne ke kare ajiyarsa. A 2011 masu bincike a Melbon ta Ostireliya sun sa mutum 50 a kan abinci ɗan kaɗan na mako goma, suka zubar da kimanin kilo 13. Shekara guda bayan haka sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake a da, leftin mai sanar da ƙoshi kuma yana ƙasa. Wanda ya hana kansa karin kumallon kirki da abincin dare a lokaci guda, ya kuma je majalisa inda ake buɗe takardar tsire a gabansa, ya sa kansa a kokawar da ba zai ci ba. Gudun Asuba shi ma gwiwa ce ke kashe shi a mako na biyu, don kilo 96 a kan kwalta nauyi ne ga ƙafar da ta shekara goma ba ta yi gudu ba.

Akwai kuma mutumin da ƙudurin ya manta da shi kwata-kwata: uwargida. Ita ke riƙe da tukunya, ita ke zuba mai, kuma ba a yi shawara da ita ba. Ta tuƙa tuwo, maigida ya ce ba ya ci, ta ji ba daɗi, yara suna kallo. Kwana goma ba a kai ba sai a koma yadda aka saba don a zauna lafiya.

Abin da rubutun mako guda ya nuna

Matakin farko na sabon tsari ba hani ba ne. Ya ɗauki mako guda yana rubuta duk abin da ya shiga bakinsa, har da abin sha, ba tare da ya canza komai ba. Alƙaluman da ke tafe ƙiyasi ne, amma sun isa su nuna inda matsalar take.

Da safe a teburin mai shayi: babban kofi da ƙaramin cokali huɗu na sukari, rabin gwangwanin madara, da cokali biyu na garin cakulan, kalori wajen 250. Burodi giram 150, wajen 400. Wainar ƙwai biyu da mai shayi ya kwarara wa mai, wajen 350, fiye da rabinsu daga man. Da rana shinkafa da wake faranti cike, wajen 500, da mai babban cokali biyu a kai, 240, da kwalbar lemo ta santilita 50, 210. Da dare malmala biyu ta tuwo, wajen 600, da miyar kuka da ɗan nama, 250. A majalisa gyaɗa ko tsire ko zoɓo, ya danganta da ranar. Jimilla tana yawo tsakanin 2,800 da 3,000.

Tuwon da ya ɗora wa laifi shekara uku bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abincinsa ba, kuma shi ne abin da ke riƙe masa ciki har safe. Shayi da lemo da man da ake zubawa a ƙwai da shinkafa sun kai kalori 900, kusan sulusin cin yini, kuma babu ɗayansu da ke sa ƙoshi. Kwalbar lemon nan kaɗai tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa babba na yini guda, kimanin ƙaramin cokali 12. Zoɓo da kunun aya da fura da nono na sayarwa ba su tsira ba don sunansu na gida ne. Sukarin da aka zuba musu ne abin dubawa.

Mai ya cancanci a tsaya a kansa. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, ko man gyaɗa ne, ko manja, ko man zaitun mai tsada. Lita guda ta haura kalori 8,000. A gidan mutum shida da lita ke ƙarewa cikin kwana huɗu, kowane kai yana shan wajen 340 a rana daga mai kawai. Idan litar ta kai kwana shida, ya sauko zuwa wajen 230, kuma da wuya wani a gidan ya ji bambanci a miya. Hanyar ita ce a daina tsiyayawa daga bakin kwalba, a ajiye cokali guda a gefenta.

Sabon ƙudurin

Burin nauyi ya koma kashi 7 cikin 100 a wata shida, wato daga kilo 96 zuwa wajen 89. Zai ji kamar an raina masa ƙoƙari, amma adadin yana da tushe. A babban binciken hana ciwon suga da aka fitar a Amurka a 2002, an ɗauki mutum 3,234 masu sukari a bakin ƙofa kamar nasa. Rukunin da aka sa wa burin zubar da kashi 7 na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Rukunin da aka ba ƙwayar metfomin, wani maganin ciwon suga, sun rage da kashi 31. Kilo shida ko bakwai da suka tafi ba su dawo ba sun fi masa kilo ashirin na mafarki.

Sannan ƙudurin ya daina zama jerin abubuwan da aka haramta. Wani bincike da aka yi a Suwidin kan mutum 1,066, aka buga a 2020, ya gano cewa masu ƙudurin fara wani abu sun ci nasara da kashi 59 bayan shekara, masu ƙudurin guje wa wani abu kuma kashi 47. Don haka aka rubuta masa ayyuka, kowanne da lokacinsa da wurinsa, kuma ba a fara su rana ɗaya ba.

Mako biyun farko abu guda ne: da abincin rana zai sha ruwa. Gorar ruwa tana kan teburinsa tun safe, kuma ba ya aika yaro sayen lemo tare da abinci. An rage 210. Mako na uku da na huɗu aka taɓa shayi: a bar garin cakulan, sukari ya sauko daga cokali huɗu zuwa biyu, bayan kwana goma zuwa ɗaya. An rage wajen 130. Harshe yana sabawa idan aka bi a hankali. Daga nan mai: cokali ɗaya a kan shinkafa, ƙwai kuma dafaffe, ko a gaya wa mai shayi ya sa cokali ɗaya a gabansa. An rage wajen 220. Haɗe ya haura 500 a rana, wanda ke ba da kusan rabin kilo a mako a watannin farko, kuma har yanzu bai bar cin ko abinci ɗaya da ya saba ba.

Abin da aka ƙara ya fi abin da aka cire muhimmanci wajen yunwa. A farantin rana wake ya ƙaru, shinkafa ta ragu, kabeji da tumatir da albasa suka cike gurbin. Da dare kwaɗon zogale ko na rama ya riga tuwo shiga ciki, da ƙuli-ƙuli daidai misali don shi ma yana da nauyi. Miyar ganye ta yawaita: alayyafo, yakuwa, kuɓewa, taushe. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma lemon ɓawo guda da aka ci da tsokarsa ya fi kofin ruwansa. Saboda awon jininsa, dunƙulen ɗanɗano ya ragu, daddawa ta ƙaru, don gishirin yini bai kamata ya wuce giram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokali cike. Sai a wata na uku malmala biyu ta koma ɗaya da rabi. Idan a tire ɗaya ake ci, ya ɗebi rabonsa a faranti tun farko, don hannu a tire ba ya ƙirga loma. Duk wannan da uwargida aka zauna aka tsara, kuma abincin gidan gaba ɗaya ne ya gyaru, ba a ɗora tukunya biyu ba.

Gudu ya koma tafiya mai sauri, minti 30, kwana biyar a mako, irin saurin da zai iya magana amma ba zai iya rera karatu ba. An liƙa ta da abin da ba ya tsallakewa: daga masallaci bayan Asuba, a zagaya unguwa kafin a shiga gida. A san cewa tafiyar rabin awa ga mai nauyinsa ba ta ƙona abin da ya wuce kalori 150 zuwa 180, ba ta ma biya kwalbar lemo ɗaya ba. Amfaninta yana wajen sukari da awon jini, da kuma hana nauyin dawowa.

Hawa sikeli sau ɗaya a mako, safiyar rana guda, bayan ya zaga, kafin ya ci. Tef a ƙugu sau ɗaya a wata. Kada ya sa ran abin ya zama jiki cikin kwana 21 kamar yadda ake yaɗawa. Binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna sabuwar ɗabi'a tana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wannan ya kamata ya ji tun farko, domin a shekarun baya faranti ɗaya na biki ne ke sa ya ce komai ya lalace. Ƙa'idar biki ita ce faranti ɗaya, ruwa maimakon lemo, abinci na gaba kuma a koma tsari, ba sai an jira Litinin ba.

Azumi da Sallah

A shekarun nan ƙudurin Janairu yana cin karo da Ramadan tun bai yi ƙwari ba: 23 ga Maris a 2023, 11 ga Maris a 2024, 1 ga Maris a 2025, kowace shekara yana matsowa da kwana goma zuwa sha biyu. Da yawa suna jingina da shi, suna cewa azumi zai ƙarasa aikin. Nazarin da ya tattara bincike da dama ya nuna matsakaicin abin da ake zubarwa a Ramadan bai fi kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma yakan dawo cikin makonni kaɗan bayan Sallah. Duk wanda ya san faifan buɗa-baki ya san dalili: kunu mai zaƙi, ƙosai, soyayyen dankali da doya da ƙwai, lemo mai sanyi, sannan abinci mai nauyi bayan Asham. Mutum na iya cin abincin yini guda cikin awa uku.

Tsarinsa na azumi shi ne dabino uku da ruwa, a tashi a yi Magariba, a dawo a ci. Wannan tazarar ta minti goma tana rage haɗama sosai. Kunu kofi ɗaya da sukari cokali ɗaya, abu soyayye iri ɗaya kawai a dare, alale a madadin ƙosai wasu ranakun. Sahur kada a tsallake, kuma ya ƙunshi wake ko ƙwai ko nono marar sukari. Tafiya ta koma bayan Asham. Hadisin da ya raba ciki uku, sulusi ga abinci, sulusi ga abin sha, sulusi ga numfashi, a faifan buɗa-baki ya fi buƙatuwa. Burin watan shi ne a riƙe abin da aka samu, idan ƙari ya zo to madalla. Sallah kuma a ba ta kwana uku, a ci cincin da nama da daɗin rai, rana ta huɗu a koma. A Babbar Sallah soyayyen naman da ke zaune a roba mako biyu shi ne tarkon, gara a rabar da mafi yawansa da wuri.

Wanda ya riga ya kamu da ciwon suga kuma yana kan allurar insulin ko ƙwayar gilbenkilamaid, kada ya rage abinci ko ya shiga azumi bai ga likitansa ba, don sukari na iya faɗuwa ƙasa ya sumar da shi. Mai ciki da mai shayarwa tsarinsu daban ne. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, asibiti ya kamata ya nufa.

Yadda shekarar za ta kasance

Idan ya riƙe tsarin, ana sa ran ya shiga azumi da kilo 93 ko kusa, ya fito da 92, Sallah ta mayar da ɗaya, sannan zuwa Yuni ko Yuli ya taɓa 89 ko 90. Daga nan sikeli zai yi nauyin motsi, kuma a nan ne ake rasa mutane da yawa. Jikin da ya ragu yana ƙona ƙasa da da, wajen kalori 20 zuwa 30 a rana kan kowane kilo da ya tafi. Sha'awar abinci kuma tana hawa fiye da haka nesa: lissafin da Kevin Hall, wani mai bincike a Amurka, da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna kusan kalori 100 a rana kan kowane kilo. Mutum bai sani ba cokalin mai ya fara cika yana zuba, malmala ta ƙara girma. Maganin shi ne a sake rubutun mako guda, a ga inda abin ya sulale, a gyara wurin kaɗai.

A daidai lokacin ne kuma 'yan'uwa za su fara cewa, "Alhaji, lafiya kuwa? Ka rame." A wurinmu cikar jiki alamar hutu da wadata ce, kuma wannan tambayar ta mayar da mutane da dama kan tsohon faranti. Ya tanadi amsarsa tun kafin a tambaye shi: likita ne ya ce sukari ya hau, ana gyarawa. Ba mai ja da wannan.

A wata na shida ya maimaita awon sukari da na jini, ya sake a Disamba. Idan sukarin ya kai 7.0, ko awon jini ya zauna a 140 bisa 90 ko sama, magani ya shigo tare da tsarin abincin, ba jira. Idan sun sauko, ƙudurin Janairu mai zuwa shi ne ya ƙare shekarar bai wuce kilo 90 ba, da sharaɗi guda a rubuce: duk ranar da sikeli ya nuna 92 mako biyu a jere, ya ɗauko littafin ya fara rubuta abincinsa daga safiyar. Sai ya riƙe wannan nauyin wata shida cur sannan a yi maganar wasu kilo biyar.